Ubangida ko Gudummawar Jama'a: Wace Hanya Ta Fi Tayar da Mai Fasaha a Ƙasar Bagudo?

Baiwa daga Allah take, amma kalangu saye ake yi, fenti saye ake yi, shiga situdiyo ma sai da kuɗi. Yaron da ya tashi a Lafagu ko Gante da zaƙin murya, da yarinyar da hannunta ya faɗa kan zanen ƙwarya a rugagen Ka'oje, da saurayin da ke zana allunan shaguna a Illo, buƙatarsu ɗaya ce kafin duniya ta san da zamansu: wanda zai ɗauke musu nauyin ciki da na kayan aiki har fasaharsu ta nuna. Bahaushe ya daɗe da hanyoyi biyu na yin haka. Ta farko ita ce ubangida, wato mutum ɗaya mai sarauta ko mai dukiya ya jawo mai fasaha jikinsa ya riƙe shi. Ta biyu ita ce gudummawar jama'a, a yi ajo ko a kafa gidauniya, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Abin aunawa a nan shi ne wacce ta fi amfanar mai tasowa, domin wanda ya riga ya shahara ko ta wace hanya zai ci abincinsa.

Ƙasar Bagudo wuri ne da ya dace da wannan awo. Tana cikin masarautar Gwandu a jihar Kebbi, kogin Kwara ya ratsa ta, kuma ta yi kafaɗa da Jamhuriyar Benin. Ta Lolo ake bi a faɗa Malanville, ta Tsamiya a faɗa Segbana. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa suna cin kasuwa ɗaya, naira da sefa suna zagayawa tare. Makaɗin da ya iya harshe biyu ko uku a nan yana da masu sauraro a ƙasashe biyu, har da ta uku idan aka haɗa da Gaya ta Nijar. Sai dai manyan situdiyo da maɗaba'u da dillalan finafinai suna Kano da Kaduna, tafiya mai nisa da tsada. Masu sauraro suna ƙofar gida, kayan aiki suna wata uwa duniya. Kuɗin da zai haɗa su shi ne ake ta muhawara a kansa.

Duk wanda zai yi adalci dole ya fara da yarda cewa ubangida ya yi wa kiɗan Hausa aikin da ba a taɓa yi masa irinsa ba. Ibrahim Narambaɗa ya samu mazauni a fadar Sarkin Gobir na Isa, Ahmadu. Salihu Jankiɗi ya zama makaɗin fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sa'idu Faru ya jingina da Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu. A nan Kebbi, Aliyu Ɗandawo ya zauna a fadar Argungu kafin ya koma Yawuri, inda ɗansa Sani ya gaje shi. Abin da iyayen gidansu suka ba su sananne ne: gida, gona, hatsi, riga, rawani, doki, aure, wani lokaci har kujerar Makka. Amma abin da ya fi duk waɗannan daraja shi ne kwanciyar hankali. Makaɗin da ya san tuwon gidansa ba zai yanke ba yana iya shafe watanni yana sassaƙa waƙa ɗaya, yana gwada ta da 'yan amshinsa, yana cire wannan kalma yana sa waccan. Nauyin Hausar da ake nazari yau a jami'o'i cikin waƙoƙin waɗannan mutane daga wannan natsuwa ya fito.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Sarki ba makaɗi ɗaya yake ciyarwa ba, ƙungiya yake ciyarwa. A cikin ƙungiyar nan ne yaro ke fara ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya riƙe kotso ko taushi, har wata rana a ba shi dama ya ja baki. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, haka ya taso a ƙarƙashin mahaifinsa da yayansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Ashe kyautar da basarake ya miƙa wa shugaban kiɗa, wani kaso nata kuɗin makarantar yaran da ke bayansa ne, ko da shi basaraken bai san sunayensu ba.

Ba a kiɗa kaɗai abin ya tsaya ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana da sha'awar tukwane, yakan tara masu kyau a gidansa. A can ne Baturen nan Michael Cardew ya ga aikin wata mata daga Kwali mai suna Ladi. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, garin da yau ake kira Suleja, ita ce mace ta farko da ta shiga. Daga nan aikinta ya kai Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne ke bayan takardar naira 20. Idon mutum ɗaya da ya san abu mai kyau, ya saya, ya ajiye inda baƙi za su gani, shi ya buɗe mata wannan ƙofa.

To, amma inuwar ubangida ba kyauta ba ce. Da harshe ake biyan ta. Makaɗin fada yana yabon wanda aka ce ya yaba, yana zambo ga wanda ke neman sarautar ubangidansa, ko da a zuciyarsa ba shi da komai da mutumin. Ba zai yi wa wani basarake waƙa ba sai da izini. Idan ubangida ya yi fushi, gidan da gonar suna iya komawa inda suka fito. Idan ya rasu ko aka tuɓe shi, magajinsa yana da nasa makaɗan. Shi ya sa a ƙasar Hausa, idan matashi ya fara tashe, kafin a tambayi abin da ya iya sai a ce, "Yaron wane ne?" Amsar wannan tambaya ita ke nuna gidajen da zai shiga da waɗanda aka rufe masa tun bai ƙwanƙwasa ba.

Babban abin dubawa kuma shi ne, irin wancan ubangida mai riƙo na shekaru ashirin ya yi ƙaranci. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba su da baitulmalin En'e. Hakimin da ke jiran albashi ba zai iya riƙe ƙungiyar mutum goma ba. Wanda ya maye gurbinsa shi ne ɗan siyasa da ɗan kasuwa. Ɗan siyasa yana son waƙar da za a gama cikin kwana biyu a ɗora a motar kamfe, riƙonsa kuma daga zaɓe ne zuwa zaɓe. Idan ya faɗi, mawaƙinsa ya faɗi tare da shi, ga kuma gabar da ya ƙulla da rabin garinsu. Ɗan kasuwar bakin iyaka kuwa arzikinsa yana rataye da ƙofar da ba shi ke riƙe da mabuɗinta ba. Mutanen Lolo da Tsamiya ba su manta da rufe iyakokin da aka yi a Agustan 2019 ba. Alhajin da kasuwarsa ta tsaya, kyautar makaɗi ce farkon abin da zai soke.

Hatta kyakkyawar niyya takan tsaya idan a wuyan mutum ɗaya take. A 2007 Hajiya Bilkisu Bashir ta kafa gasar rubutun Hausa domin tunawa da mijinta, Injiniya Mohammed Bashir Ƙaraye, kuma Ibrahim Sheme ne ya fara lashe ta. Marubuta sun yi murna ƙwarai, gasar ta ɗaga darajar littafin Hausa, amma bayan 'yan zagaye sai aka daina jin ɗuriyarta. Wannan ba abin zargi ba ne ga wadda ta yi abin da dubban masu kuɗi ba su yi ba. Darasin kawai shi ne, abin da aljihu ɗaya ke ɗauka yana tsayawa ranar da aljihun ya gaji.

Gudummawar jama'a ita ma ba baƙuwa ba ce. Al'ummar da ta san gayya a gona, ta san adashi, ta san biki tsakanin mata inda ake mayar da abin da aka kawo maka har da ƙari, ba sai an koya mata haɗa hannu ba. Ajo shi ne siffarta a fagen kiɗa. Mai buƙata ya sa rana, ya raba goro ko kati, a shimfiɗa tabarmi, a kira sunan mutum a lasifika ya fito ya yi liƙi. Sanƙira yana faɗin "ba a raina kaɗan," mai naira ɗari biyar ya ajiye, mai sefa ya ajiye. Ƙaddamar da littafi ko faifan waƙa da ake yi a birane ajo ne da ya sa babbar riga.

Ribar wannan hanya ita ce 'yanci. Wanda mutum ɗari suka tara wa kuɗi, babu ɗaya a cikinsu da zai ce shi ya mallake shi. A duba makaɗan da suka rayu da aljihun taro. Ɗan Anace a filin dambe ya yi suna, gwanayensa mahauta ne da manoma masu ƙarfin damtse. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya waƙe karen mota da talakan da ba mai kula shi. Mamman Shata yana da manyan mutane da yawa da suka yi masa alheri, amma bai zauna a ƙofar fada ɗaya ba, shi ya sa bakinsa ya taɓa kusan kowane fanni na rayuwar Bahaushe. Da a ce duk makaɗan Hausa na fada ne, da tarihin sarakuna kawai za a gada, ba za a san yadda direba da ɗan dako suka rayu ba.

Adabin kasuwar Kano ma shaida ne. Lokacin da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kansu. Ƙungiyar Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu ke cikin jagororinta, ta riƙa tallata littattafan 'ya'yanta a cikin littattafan juna, wanda ya san hanyar maɗaba'a ya nuna wa sabon shiga. Babu sarki a bayansu, babu attajiri ɗaya da zai ce shi ya yi su. Taimakon juna da kuɗin masu karatu, yawancinsu mata, su suka tayar da marubutan da ba a taɓa samun yawansu ba a tarihin Hausa.

Sai dai ita ma gudummawa tana da nata ciwon, kuma a kan mai tasowa ya fi sauka. Na farko, jama'a suna ba wanda suka riga suka sani. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya nemi masoyan Shugaba Buhari su tura naira dubu-dubu kafin ya saki wata waƙa, mutane kuwa suka yi ta turawa. Sunan da ya riga ya yi ne ya jawo kuɗin. Yaron Lafagu da zai yi irin wannan kira a Facebook, in ya samu amsa daga abokansa goma ya gode Allah. Na biyu, gudummawa bashi ce a ɓoye. Wanda ya zo ajonka yana jiran ka a nasa, kuma marayan da ba shi da dangi masu hali ba shi da wanda zai gayyata. Na uku, alkawarin lasifika ya fi kuɗin hannu yawa. Marubuta da dama sun san yadda ake sanar da miliyan a zauren ƙaddamarwa, a yi tafi, daga baya a yi ta sintiri a ƙofar ofis har takalmi ya ƙare. Na huɗu, ba a cika rubutawa ba. Ana cewa "an tashi da kaza," a cire kuɗin rumfa da kujeru da abinci, sauran kuma sai Allah. Gidauniyar da ba ta da littafi, zargi ne ke kashe ta tun kafin shekara ta zagayo.

Manomin shinkafa a fadamar Kwara zai fi kowa gane bambancin. Ajo kamar ambaliya yake, ruwa mai yawa a dare ɗaya, gobe ya janye. Riƙon ubangida kamar injin ban-ruwa ne, kaɗan-kaɗan kullum, sai dai injin na wani ne, ran da ya ga dama ya ɗauke abinsa. Mai koyon sana'a kuwa ruwan kullum yake buƙata.

Idan aka jera su gefe da gefe, a wajen daɗewa ubangidan da can ya fi, na yau kuwa bai fi ajo da komai ba. A wajen 'yancin baki jama'a ta fi, nesa ba kusa ba. A wajen gano gwani tun yana ɗanye, mutum ɗaya mai ido ya fi taro, domin taro yana bin wanda ake yayi ne. A wajen waɗanda ake bari a baya kuwa, duka biyun sun gaza. Ubangida yana son fasahar da za ta ambaci sunansa, shi ya sa maroƙi ke samun mota, mai saƙar tabarma da baduku da mai zanen ƙwarya ba sa samun ko sannu. Ajo kuma yana son fasahar da ake yi a tsakiyar fili. Budurwar da ke rubuta labari a wayarta cikin ɗaki, ba za ta je ƙofar wani Alhaji ba saboda tsoron bakin mutane, ba kuma za ta kira taron kiɗa ba. Ga shi kuma wasu masu hali suna ƙyamar duk abin da ya shafi kiɗa da roƙo, sai ƙyamar ta shafi har mai zane da marubuci da ba ruwansu da ganga.

A maƙwabciyarmu Benin akwai misalin da ya cancanci a duba. A 2005 Marie-Cécile Zinsou ta kafa gidauniyar Zinsou a Kwatano da kuɗin danginta, a 2013 suka buɗe gidan adana zane-zanen zamani a Ouidah. Shiga kyauta ne, kuma ana kwaso 'yan makaranta su zo su gani. Wanda suka fara baje aikinsa shi ne Romuald Hazoumè, mutumin da ya shahara da ƙera fuskoki da jarkokin fetur, irin jarkokin da ake tsallaka iyaka da su daga Nijeriya, waɗanda duk ɗan bakin iyaka ya san su. Kuɗin na gida ɗaya ne, amma ba a ce mai fasaha ya yabi gidan ba. Ana sayen aikinsa ne a ajiye, a nuna wa jama'a. Daga Malanville zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, saboda haka wannan gidauniya ba za ta zo ta ɗauki yaron Lafagu ba. Abin ɗauka a wurinta shi ne tsarin: mai kuɗi ya ba da dukiyarsa ga hukuma mai ƙa'ida, ya janye hannunsa daga wuyan mai fasaha.

Hukuncina shi ne, a ƙasar Bagudo ta yau gudummawar jama'a ta fi cancanta a dogara da ita. Dalili kuwa, babban aibin ubangida a jininsa yake: ba yadda za a yi mutum ɗaya ya ciyar da kai bai mallaki bakinka ba, kuma ba yadda za a yi ya dawwama. Aibobin gudummawa kuwa na sakaci ne, ana iya gyara su da littafi da alƙalami da mutanen kirki. Sharaɗin kawai shi ne ta tashi daga ajon dare ɗaya ta koma asusu mai zagayowa kowace shekara.

Yin hakan bai fi ƙarfin gunduma ɗaya ba. Lokacin kaka, sa'ad da shinkafa ta shigo gida, ƙungiyar ci gaban gari tana iya karɓar gudummawa ko da ta kwano ce, 'yan asalin yankin da ke aiki a Birnin Kebbi da Sakkwato da Abuja su turo nasu ta waya. A naɗa mutum biyar, a ciki har da mace da malamin makaranta da tsohon mai sana'a wanda ya san gwani in ya gan shi. Kada a miƙa wa yaro kuɗi a hannu. A biya wa wannan kuɗin zama wurin ƙwararre na shekara guda, a saya wa wancan fata da zare ko fenti, a biya wa waccan kuɗin buga littafi. A riƙa sayen mafi kyawun abin da suka yi ana ajiyewa a makaranta ko zauren hakimi, yadda baƙo zai gani ya tambayi mai shi, kamar yadda aka tambayi mai tukwanen gidan Sarkin Abuja. Wanda aka zaɓa a riƙe shi shekara uku, kuma kowace shekara a karanta lissafi a bainar jama'a.

Masu hali na Bagudo da Illo da Ka'oje da Zagga, ba a ce ku daina yi wa makaɗanku kyauta ba, hannun da ya saba bayarwa ba a hana shi. Roƙon shi ne, cikin abin da kuke liƙawa a daren biki ɗaya ku ware wani kaso ku zuba a asusun da ba sunanku a kai, ku bar kwamiti ya zaɓi yaran, ku kuma zo ranar lissafi ku tambayi inda kowace naira ta shiga.